Asirin Gida a Kan Takarda: Tarihin Karatun Ƙagaggun Labarai a Yerwa

Karatun ƙagaggen labari don jin daɗi sabon abu ne a Yerwa idan aka gwada shi da daɗewar alƙalami a ƙasar Borno. Tun a ƙarni na 16 Imam Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma da Larabci, kuma malaman Birnin Gazargamu sun bar kwafe-kwafen Alƙur'ani masu ɗauke da fassara da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layuka. Hausawa sun daɗe da sallama wa Borno a wannan fage. Har yau idan aka ce almajiri ya tafi gabas, an san inda ya nufa, ana kuma sa ran ya dawo da hadda da kyakkyawan rubutu. Amma aikin wannan alƙalami addini ne da mulki da tarihin sarakuna. Labarin nishaɗi yana bakin kakanni da dare, da bakin maroƙa, da na fatake a zango. Tatsuniyoyin Kanuri sun fara shiga ɗab'i a 1854, lokacin da Sigismund Koelle ya buga abin da ya ji daga bakin Ali Eisami, wani Babarbare da bauta ta kai shi Saliyo. A Landan littafin ya fito, kuma masanan Turai aka yi wa shi.

Garin Yerwa kansa bai tsufa ba. Bayan Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, aka kuma kashe shi a 1900, Shehu Abubakar Garbai ya tare a sabon mazauni a gefen kogin Ngadda a 1907, kusa da ƙauyen Maiduguri da sansanin Turawa. Sunayen unguwanni sun isa shaida kan irin mutanen da suka cika garin: Shehuri ta fada, Hausari ta Hausawa, Fezzan ta 'yan kasuwar da suka ƙetaro hamada. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975. Duk waɗannan sun jawo Babur da Marghi da Shuwa da Fulani da mutanen kudu, kuma harshen da ya haɗa su a kasuwa da tasha da makaranta shi ne Hausa. Wannan ne dalilin da ya sa littafin hira, da ya zo garin Shehu, da Hausa ya fi samun karɓuwa, duk da an daidaita ƙa'idar rubutun Kanuri da boko tun a shekarun 1970.

Littattafan farko daga Zariya suka fito. A 1933 Rupert East na hukumar fassara ya shirya gasar rubutu, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Ta hanyar makarantun boko suka bazu a lardunan Arewa, kuma Borno na cikin lardunan da boko ya yi jinkirin kafuwa a cikinsu, saboda haka masu karanta su a wancan zamani ba su wuce malaman makaranta da ma'aikatan En'e da ɗalibansu ba.

Biyu daga cikin waɗannan littattafai sun aza harsashin abin da ya zama jigon karatun jama'a daga baya. A Shaihu Umar an sace yaro, aka sayar da shi, uwarsa ta fita nemansa har ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi aka ƙetara da ita hamada. Mutumin Borno, wanda hanyar ayari zuwa Murzuk da Tarabulus ta bi ta ƙasarsa, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan duniya. Jiki Magayi kuwa labarin gari ne da gida: attajiri ya ƙwace wa saurayi budurwarsa da ƙarfin dukiya, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin ya faɗa kan ɗan da budurwar ta haifa wa attajirin, yaron ya tashi ɓarawo har ya zama sanadin mutuwar mahaifinsa, kuma sai bayan haka ya san tushen abin da ya same shi. Ɓataccen ɗa da ɓoyayyen laifin iyaye, waɗannan biyun ba su sake barin ƙagaggen labarin Hausa ba.

Shekarun da suka biyo baya na hukumomi ne: Kamfanin Gaskiya a 1945, NORLA a shekarun 1950, sai NNPC a 1966. An samu labaran ɓarayi da 'yan fashi jefi-jefi, kafin gasar da gwamnatin tarayya ta shirya ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, a 1982. Batun fasa-ƙwauri ba baƙo ba ne ga garin da hanyoyinsa suka nufi Gamboru da Banki da Baga. A daidai wannan lokaci ɗaliban sakandare masu jin Turanci suna musayar littattafan James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda The Undesirable Element na Mohammed Sule ya yi fice a cikinsa. Daga nan ne matasa da yawa suka ɗanɗani labarin bin sawu da ɗan sanda da bindiga.

Gudummawar Yerwa ta kanta ta fi fitowa da Turanci, daga harabar jami'a. Zaynab Alkali, haifaffiyar kudancin Borno wadda ta daɗe tana koyarwa a Jami'ar Maiduguri, ta fitar da The Stillborn a 1984, ya kuma ci kyautar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1985. Ana lissafa ta a matsayin macen farko daga Arewa da ta yi suna da ƙagaggen labari na Turanci. Littafin ya bi rayuwar wata yarinya, Li, daga gidan mahaifinta mai tsanani a wani ƙauye, zuwa auren da ya bar ta tana jiran miji da birni ya haɗiye, har ta dawo ta zama ginshiƙin gidan da ta taɓa ƙosawa ta bari. Ƙarfin littafin yana wajen da marubuciyar ta san ƙaramin gari ciki da bai: yadda magana take yawo daga bakin rafi zuwa zaure, yadda kowa ya san sirrin kowa amma ba mai faɗa a fili. Ta biyo shi da The Virtuous Woman a 1987 da The Descendants a 2005. Razinat T. Mohammed, wadda ita ma ta koyar a jami'ar, ta bi wannan turba da Habiba a 2013, labarin yarinyar da rikicin iyaye da talauci suka kai ta ga auren wuri.

Babban sauyi ga mai karatu na cikin unguwa ya zo ne daga Kano. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara, mata da yawa a cikinsu, da suka iya karanta Hausar boko. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka fara kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Littattafai ne 'yan sirara masu araha, ana raba labari ɗaya kashi biyu ko uku ko huɗu, a yanke shi a daidai inda zuciya ta rataya. Dillalai kan saro su a Kano su bi hanyar Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, tafiyar kusan kilomita 600, su baje su a kasuwa da bakin tasha. Wanda ba shi da kuɗin saye ya ɗauki haya. Kwafi ɗaya kan zaga gida da maƙwabta har bangonsa ya rabu da shi, kuma matar da ba ta yi boko ba takan sa ƙanwa ko 'ya ta karanta mata bayan an gama aikin gida.

Sunan da ya bi waɗannan littattafai shi ne na soyayya, sunan kuma ya rage musu. Wanda ya karanta su da yawa zai ga cewa soyayya ƙofar shiga ce kawai, abin da yake riƙe mai karatu har kashi na ƙarshe shi ne wani asiri da aka binne a cikin gida. Wace ce ainihin uwar yarinyar da ake riƙo? Wa ya yi sammun da ya raba miji da uwargida? Ina takardun gidan marayu suka shiga bayan rasuwar Alhaji? Wa ya shirya ƙazafin da ya kori amarya? A Ingila, Agatha Christie ta kafa irin wannan labari a ƙauyen da ta ƙirƙira, inda tun 1930 wata tsohuwa, Miss Marple, take warware kisan kai da sanin halin maƙwabtanta. Labarin Hausa ya bambanta a wurare uku. Laifin da ake bi sau da yawa cin amana ne, ba lallai a ga gawa ba. Mai tono gaskiya ɗan gida ne, kaka ko gwaggo ko 'yar aiki ko direba da ya daɗe da iyali, domin kai maganar gida ofishin 'yan sanda tonon asiri ne da mai karatu kansa ba zai yafe wa jarumin ba. Hukunci kuma ba a kotu yake sauka ba: ciwo ne ko karayar arziki ko furucin mai laifi a kan gadon mutuwa. A Alhaki Kuykuyo Ne, mijin da ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar mata, gobarar kasuwa ce ta durƙusar da shi.

Wannan tsari yana da rauninsa. Sau da yawa ƙaddara takan yi wa marubuci aikin da ya kamata dabara ta yi, sai a ga haɗuwar bazata ta warware ƙullin da aka shafe kashi uku ana ɗaurawa. Duk da haka, cikinsa ne mata suka samu filin tattauna kishi da auren dole da saki da riƙon ɗan wani da rabon gado, abubuwan da ba a cika ba su bakin magana a kansu a zaure ba. Maza marubuta irin su Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro sun ja salon zuwa ga ban tsoro da ƙungiyoyin asiri da aljanu, suka samu nasu masu karatu a cikin samari.

Suka ma ba ta yi ƙaranci ba. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, yana ganin bai kai matsayin adabi mai ɗorewa ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi a muhawarar da ta cika jaridu a shekarun 1990. Iyaye da malamai sun zarge shi da ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano, hukumar tace finafinai ta jihar kuma ta faɗaɗa ikonta kan marubuta. Da yake Kano ce maɗaba'a kuma ita ce kasuwa, duk abin da ya taɓa ta sai ya taɓa rumfar mai littafi a Yerwa.

Rikicin masu tayar da ƙayar baya da ya ɓarke a watan Yulin 2009 ya sauya komai. Dokar hana fita, da shingayen bincike, da hatsarin hanyar Damaturu sun takura zirga-zirgar kaya, a watan Mayun 2013 kuma aka katse layukan waya a jihar na tsawon makonni. Garin ya cika da mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Monguno da suka gudo. Jigon da aka saba karantawa a littafi, na ɗan da ya ɓace da uwar da take nemansa, ya zama halin da dubban gidaje suke ciki. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta yi rajistar fiye da mutum 20,000 da danginsu suke nema a Nijeriya, akasarinsu daga arewa maso gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace. Rubutu ya bi sawun wannan. Labarin da ya ci gasar Hikayata ta BBC Hausa a shekararta ta farko, 2016, shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, kan rayuwar 'yan gudun hijira. Adaobi Tricia Nwaubani ta gina Buried Beneath the Baobab Tree na 2018 kan hirarrakin da aka yi da 'yan matan da aka sace a Borno. A irin waɗannan labarai an san mai laifi tun farko. Abin da ake bi shi ne ko wanda ya tafi yana raye, da kuma ko gida zai karɓe shi in ya dawo, musamman macen da ta dawo da goyo.

Kasuwar littafin takarda ta riga ta fara ja da baya tun kafin gobarar da ta cinye Kasuwar Monday a watan Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumbar 2024. Tsadar takarda da yaɗuwar wayar hannu ne suka kai ta ƙasa a duk Arewa. Yanzu marubuciya kan saki labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks, ta ba da farkonsa kyauta, wanda yake son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa shi cikin rukunin masu biya. Wasu kuma suna karanta littattafan da murya su ɗora a YouTube, abin da ya buɗe ƙofa ga wanda yake jin Hausa amma bai iya karanta ta ba, kuma irinsu suna da yawa a Yerwa. Sabon tsarin ya cire dillalin Kano daga tsakani, ta yadda marubuciya a unguwar Gwange ko Bulumkutu za ta iya samun masu karatu a Zinder da Jidda ba tare da ta taka maɗaba'a ba. Ya kuma ƙara wa labaran tsawo, domin muddin ba a tona asirin gidan ba masu karatu suna nan suna biya, har wasu labaran kan kai shafi ɗari ko fiye kafin a bayyana wanda ya aikata abin.