Wasan Kogo da Rumbun da Ya Tsare Shi

Ɗan uwa mai karatu, ka san tatsuniya. Tsohuwa tana faɗi, yara suna saurare, ba mai ikon ce ma Gizo ya bi dama ko hagu. To, yau ga tarihin wata tatsuniya wadda mai saurare shi ke jan akalarta, kuma da rubutu yake ja.

A ƙasar Amurka, wajen 1975 zuwa 1976, an yi wani ma'aikacin kwamfuta, sunansa Will Crowther. Kwamfuta na'ura ce mai lissafi da ajiyar rubutu. Ta zamanin nan ƙatuwa ce, sai manyan makarantu da ma'aikatu ke da ita. Shi Crowther mutum ne mai son shiga kogon dutse. Ya sha shiga kogon Mammoth, cikin jihar Kentucky, wanda hanyoyinsa na ƙarƙashin ƙasa sun fi kilomita 600, kamar tafiyar Maraɗi zuwa Yamai ke nan. Aurensa ya mutu, kewar ɗiyansa mata biyu ta dame shi. Sai ya rubuta musu wasa, ya zuba kogon a ciki.

Wasan ba hoto ko ɗaya. Na'ura ta rubuta maka inda kake da abin da ke gabanka, kamar fitila da makullai. Kai kuma ka rubuta kalma ɗaya ko biyu da Ingilishi, misali ka ce a ɗauki fitila. Sai ta rubuta abin da ya faru. Duba, kalma biyu tak! Amma wanda bai iya karatu ba, ko ƙofar kogon ba ya gani.

A 1977 wani ɗalibi a jami'ar Stanford, Don Woods, ya ƙara ma wasan ɗakuna da dukiya, ya bazu. Daga nan ƙananan kwamfutoci suka shiga gidaje. A 1978 Scott Adams ya yi nasa, Adventureland, domin na'urar TRS-80, ana sayar da shi cikin kaset irin na waƙa. Kamfanin Infocom ya fito da Zork a 1980, ya yi kasuwa ƙwarai. Da wasanni masu hoto suka yi ƙarfi, sai ciniki ya faɗi, aka rufe Infocom a 1989.

Nan ne hatsarin yake. Kaset yana lalacewa, faifai ma haka, na'urar da ke karanta su ta tsufa an zubar. Littafi ko gara ta ci gefensa kana iya karanta saura. Wannan kuwa, in na'ura ta mutu, ido ba ya ganin komi.

A 1992 wani Bajamushe, Volker Blasius, ya buɗe rumbu cikin intanet, wato hanyar da ta haɗa kwamfutocin duniya. Sunan rumbun IF Archive. Mai tsohon wasa ya kawo, a kwafa, a ajiye, kowa ya ɗiba kyauta, kuma ɗiba ba ta rage shi. Har da dabarun da ke sa sabuwar na'ura ta karanta tsohon wasa suna ciki. Ƴan sa kai ke kula da shi har yau. A ganina aikinsu irin na mai ɓoye iri ne domin damina mai zuwa.

Amma na Crowther na asali fa? Shekaru kusan 30 an ɗauka ya ɓace, sai na Woods ke yawo. A 2005 aka tono shi cikin tsohuwar ajiyar aikin Woods a Stanford. Wani malamin jami'a, Dennis Jerz, ya karanta shi, ya shiga kogon da ƙafarsa tare da masu sanin wurin. Ya tarar ɗakuna da yawa na wasan suna nan cikin dutse, kamar yadda uban ya rubuta ma ɗiyansa. Ya buga bincikensa a 2007.