Masu magani a New Bell

Ruwan sama ne babban abokin gabar mai sayar da maganin gargajiya a Duwala. Garin yana samun fiye da milimita 3,500 a shekara, alhali Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba. Saiwar da za ta shekara rataye a zaure a Arewa, a nan wata ɗaya ya isa fumfuna ta cinye ta. Shi ya sa kakana, wanda ya yi wannan sana'a a unguwar Hausawa ta New Bell har ƙarfinsa ya ƙare, yake zuba kayansa a gwangwanayen madara da kwalabe, rana tana leƙowa ya fito da tabarma ya shanya sassaƙen hano da ganyen magarya da tazargade, yana kallon sama.

Hausawa sun riga unguwar zuwa. Fatake sun daɗe suna gangarowa ta Adamawa, su bi Banyo da Tibati, suna neman hauren giwa da goro, daga baya roba. Wasu kuma sun shigo a matsayin sojoji bayan Jamusawa sun kafa mulki a 1884. Daga 1910 Jamusawa suka ƙudurta tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, su mayar da su can baya, da filin kilomita ɗaya tsakaninsu da Turawa. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914. 'Yan ƙasa ba su so wurin da aka ware musu ba, wato New Bell, sai baƙi suka cika shi a zamanin Faransawa: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo da mutanen gaɓar teku daga yamma.

Wanda ya sauka a nan yawanci namiji ne shi kaɗai. Mahauci, ɗan koli, mai tsire, ko ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Ya bar mata da iyaye a Garwa ko Katsina, yana kwana a ɗakin katako da ruwa ke shiga, bashin maigida a wuyansa. Irin wannan mutum ba ya zuwa ya ce yana cikin damuwa. Cewa yake, "Baba, barci ya ƙaurace mini, gabana sai faɗuwa yake." Kakana ba ya saurin kai hannu ga gwangwani. Sai ya ce, "Zauna tukuna, ɗana. Yaushe rabonka da labarin gida?" Ya sa a dafa citta da kanumfari da na'a-na'a, su sha tare. Bayan nan ya ƙulle masa ɗoɗɗoya ta shayin dare da hano na turare, in abin ya yi nauyi ya tura shi wajen malami a yi masa rubutu. Na yi imani wannan zaman da tambayar su ne rabin maganin, kuma masu sana'ar na wancan lokaci sun san haka.

Ilimin nasu yana da asali biyu. Akwai na daji, wanda bokaye da wanzamai da 'yan magori suka gada baki da baki. Akwai na littafi, wanda malamai suka riƙe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Jirgin ƙasa ya isa Ngaundere a 1974, kayan Arewa suka riƙa zuwa da sauri, kanwa da tsamiya da zuma suka wadata. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin kanti ya yi tsada, mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban tabarmar Bahaushe ba suka fara tsayawa. A shekarun da suka biyo baya shagunan maganin Musulunci suka yawaita, da habbatus sauda da hulba da man zaitun a kwali mai rubutun Larabci. Cikinsu ne na fara ganin yansun, ƙwayoyi ƙanana masu zaƙin ƙamshi. Asalinsa gabashin Bahar Rum ne, Misirawa suna shan shayinsa don kumburin ciki da tari da samun barci. An yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a Iran da suka nuna yana iya rage damuwa mara tsanani, amma ba su kai a dogara da su ga mai ciwo mai nauyi ba.

Abin da ke damuna yau shi ne mai lasifika a bakin kasuwa, da kwalba ɗaya wai tana maganin basir da hawan jini da ƙuncin zuciya gaba ɗaya. Ba ya tambayar kowa daga ina yake. Tsofaffin masu magani suna da iyaka da suka sani: mutum ya daina cin abinci, ko ya fara zancen gara mutuwa, ba a ƙulla masa ganye a sallame shi. Ana kiran 'yan uwansa da mai unguwa a ranar. Yanzu akwai sashen masu taɓin hankali da damuwa a asibitin Laquintinie, tafiyar 'yan mintuna a babur daga New Bell, amma har yanzu iyalai da yawa a unguwarmu sai sun gama zagaya shaguna, kuɗi ya ƙare, sannan su kai mutum can.