Iyafis na Zubi: Gadon da Mawaƙa Suka Ci daga Masu Raunin Ji

Ranar 15 ga Agusta 1965 mawaƙan Beatles suka hau dandamali a filin wasa na Shea da ke New York, gaban mutane fiye da 55,000, suka yi kiɗan kusan rabin awa ba tare da sun ji abin da suke kaɗawa ba. Ihun jama'a ya danne na'urorin ƙara sautinsu masu ƙarfin wat 100, kuma babu lasifika ko ɗaya da ke maido musu da muryoyinsu. Ba a yi nisa ba suka haƙura da yawon kiɗa: wasansu na San Francisco ranar 29 ga Agusta 1966 shi ne na ƙarshe, kuma rashin jin kansu yana cikin abubuwan da suka gundure su. Mawaƙin da ba ya jin kansa ba shi da abin da zai daidaita murya da shi, makaɗi kuma sai dai ya bi motsin abokansa da ido. Maganin da aka fara samowa a ƙarshen shekarun 1960 shi ne a jera lasifikoki a ƙasan dandamali, bakinsu yana kallon mawaƙa, a kuma ɗauki injiniya na musamman wanda aikinsa kawai shi ne haɗa wa kowa sautin da yake son ji.

Maganin ya zo da tasa cutar. Mai jita zai ce ba ya jin kansa saboda ƙarar ganguna, a ƙara masa. Mai waƙa ya ce jita ta rufe shi, shi ma a ƙara masa. Kafin a raba dare dandamalin ya zama wurin da kowa yake ƙoƙarin danne ɗan uwansa. Makirufo kuma yana tsintar abin da ke fita daga lasifikar ƙasa ya mayar mata, sai kukan nan mai tsaga kunne ya tashi. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kacal. Dandamalin manyan makaɗa yakan kai haka, yakan ma wuce, kuma ana shafe awa biyu a kansa dare bayan dare. Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya daɗe yana bayyana wa duniya lalacewar jinsa, Brian Johnson na AC/DC kuma ya dakatar da yawon kiɗa a 2016 bayan likitoci sun gargaɗe shi cewa zai iya kurumcewa gaba ɗaya. Jijiyoyin ji na can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Daga wannan larura iyafis na zubi ya fito, wato wanda ake ƙera wa mutum ɗaya tak bisa siffar ramin kunnensa. A yau masu sayar da shi da masu sayensa sun saba raba maganarsa gida uku: daɗin sauti, yadda yake zama a kunne, da ingancin ƙira. A ganina wannan rabon ya ɓatar da mutane da yawa, domin tarihin sana'ar ya nuna cewa na biyun ne uwar sauran. Zaman kunne shi ne yake haifar da sauti, ƙira kuma ba ta da wani aiki da ya wuce ta tsare wannan zaman na shekaru. Wanda ya san inda sana'ar ta fito ba zai yi mamakin haka ba, don ba masu ƙera lasifika ne suka haife ta ba. Masu yi wa masu raunin ji hidima ne.

Tun kafin wani mawaƙi ya yi tunanin toshe kunnensa, akwai masana'antar da ta shafe shekaru tana fama da tambayar yadda za a kai sauti bakin dodon kunne ba tare da ya zurare ba. Hugh Knowles ya kafa kamfaninsa a jihar Illinois a 1946, kuma a shekarun 1950 ya shahara da ƙera 'yan mitsi-mitsin makirufo da lasifikoki na na'urar taimaka wa ji. Irin lasifikar tasa wani siririn ƙarfe ne da ke tsakanin maganaɗisu biyu, da waya a naɗe kewaye da shi. Idan lantarki ya bi ta wayar sai ƙarfen ya yi rawa, ya tura wani ɗan faifai, sauti ya fita ta bututu. Girmanta bai wuce na ƙwayar wake ba, ba ta cin batir, amma iskar da take iya turawa kaɗan ce ƙwarai. Saboda haka ba ta da amfani sai a cikin rufaffen wuri. Idan ramin kunne ya toshe tsaf, wannan 'yar iskar ta isa ta motsa dodon kunne har a ji kaurin sauti. Idan aka sami kafa ko da ta allura ce, kaurin ya tsere, a bar mutum da siririn sauti mai kaifi. Don haka ne dole wata sana'ar ta tashi a gefenta, ta masu zuba toshiyar kunne, kuma ɗaya daga cikin manyan gidajenta shi ne Westone, wanda aka kafa a jihar Colorado a 1959 domin yi wa masu sa na'urar ji toshiya daidai kunnensu.

Mutanen dandamali sun zo ne suka tarar da wannan ilimi a shirye. Marty Garcia, injiniyan sauti a jihar Pennsylvania wanda daga baya ya kafa Future Sonics, ya fara gwajin iyafis na zubi a farkon shekarun 1980, kuma a 1985 mawaƙi Todd Rundgren ya yi yawon kiɗa da su ba tare da lasifikokin ƙasa ba. A Ingila, Chrys Lindop, wanda ya yi aiki da mawaƙi Stevie Wonder, ya taimaka wajen samar da hanyar aika sautin ta rediyo zuwa wani ɗan akwati a ƙugun mawaƙi, don kada waya ta ɗaure shi wuri ɗaya. A 1985 ɗin nan ne kuma Michael Santucci, ƙwararre a fannin ji, ya kafa Sensaphonics a Chicago da niyyar kare kunnen makaɗa, har ya zaɓi yin nasa da silikon mai taushi. Sai 1995, lokacin da Jerry Harvey yake haɗa sautin dandamali wa ƙungiyar Van Halen, makaɗin gangunansu Alex Van Halen ya koka cewa ƙara ta hana shi jin sauran. Harvey ya haɗa masa iyafis mai lasifika biyu a kowane kunne, ɗaya na kauri ɗaya na siriri, kuma daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Abin lura shi ne, da aiki ya yi yawa, Westone ne ya riƙa zuba masa kwanson. Lasifika daga masu na'urar ji, kwanso daga masu na'urar ji, awon kunne ma daga asibitin ji. Da kamfanin Shure ya fitar da na'urarsa ta PSM 600 a 1997, abin ya sauko daga hannun manyan taurari zuwa matsakaitan makaɗa.

Yadda ake ɗaukar awon ya isa hujja shi kaɗai. Ramin kunnen babba bai wuce kimanin santimita 2.5 ba, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa biyu. Ɓangaren waje guringuntsi ne mai motsi, na ciki ƙashi ne. Mai awo yakan fara leƙa kunnen da fitila ya tabbatar babu dauɗa ko ciwo, sannan ya tura ɗan soso mai zare har bayan lanƙwasa ta biyu don ya tsare dodon kunne, ya ɗura silikon mai laushi ya cika ramin da kwarin da ke bakinsa, a jira 'yan mintoci ya daskare. Sau da yawa ana sa wa mutum wani ɗan abu ya ciza, bakinsa ya zauna a buɗe, domin gaɓar muƙamuƙi tana maƙwabtaka da ramin kunne, kuma buɗe baki yana sauya faɗinsa. Mawaƙin da aka auna shi baki a rufe zai iya jin iyafis ɗinsa ya zauna daram a ɗaki, amma da zarar ya wage baki zai ɗaga murya sai toshiyar ta saki, kaurin kiɗa ya ɓace a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa. Tsawon bututun ma yana da tasa rawar. Buɗaɗɗen kunne da kansa yana ƙarfafa sautin da ke wajen hez 2,700, inda tsabtar magana take, kuma toshe shi yana kashe wannan baiwa, sai mai ƙira ya maido ta da dabara. Idan kuma toshiyar ta tsaya a bakin rami, mutum yakan ji muryarsa tana gunji a cikin kansa. Idan ta shiga kusa da ɓangaren ƙashi, gunjin yakan ragu. Duk waɗannan abubuwa ne da mai sauraro zai kira daɗin sauti ko rashinsa, alhali a wurin awo aka yanke su.

Ƙirar kwanson ba ta buƙatar dogon bayani. A da ana datse awon da hannu, a tsoma shi a kakin zuma, a yi masa gida, a zuba ruwan robar akirilik a gasa shi da haske, a huda bututai, a jera lasifikoki, a rufe, a goge. Kowane mataki yana iya ƙara kauri ko rage shi da ɗan abin da ido ba ya gani amma kunne yana ji. Daga farkon shekarun 2000 masana'antar na'urar ji ta koma ɗaukar hoton awon da kwamfuta tana buga kwanson da injin ɗab'i mai gina abu hawa-hawa, masu iyafis kuma suka sake bin sawunta. Kamfanoni da yawa suna ba da wa'adin gyara kyauta a makonnin farko, wanda amincewa ce a fili cewa awo yakan kuskure. Bayan haka abokan gaba su ne gumi, dauɗar kunne da ke toshe bututu, da waya, shi ya sa ake yin wayar mai cirewa.

Za a ce to ai lasifikokin ma suna da tasiri, kuma gaskiya ne. Harvey da kansa da lasifika biyu ya yi suna, domin raba aiki tsakanin kauri da siriri yana rage wa kowace nauyi idan an ƙure ƙara. Amma bayan fitowar iPod a 2001 masu sauraron kiɗa a gida suka shigo kasuwar, kamfanin Logitech ya sayi Ultimate Ears a 2008 kan dala miliyan 34, sai talla ta koma ƙidaya: shida a kunne ɗaya, goma sha biyu, har 18 a wani samfurin kamfanin 64 Audio. Lamba tana da sauƙin rubutawa a kwali, zaman kunne kuwa ba ya ɗaukuwa a hoto. Ba na cewa waɗannan kayan ba su da kyau. Cewa nake yi lasifika 18 a cikin kwanson da ke yoyo ba za su kamo guda ɗaya da ta toshe tsaf ba, kuma Future Sonics, wanda ya riga kusan kowa shiga sana'ar, ya daɗe yana yi wa manyan mawaƙa aiki da lasifika ɗaya a kowane kunne.

Suka mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa zubin ma ba dole ba ne. Etymotic, kamfanin da Mead Killion ya kafa a 1983, ya fitar da ER-4 a 1991, mai lasifika ɗaya da bakin roba da ake turawa can ciki, kuma yana toshe ƙara kamar na zubi ko ma fiye. Yau akwai iyafis na kanti masu araha da sautinsu ba abin rainawa ba ne, ga shi ana iya gwada su kafin a biya, ana iya sayar da su idan an gaji. Na zubi kuwa sai an biya kafin a ji, ba ya shiga kunnen kowa sai mai shi, kuma idan mutum ya rame ko ya yi ƙiba sosai yana iya daina zama. Na yarda da duk wannan, kuma ga mai sauraro a zaune na kanti yakan wadatar. Sai dai wannan suka tana ƙarfafa maganar ne, domin ER-4 ma da toshiya ya ci nasara, kuma Killion ya yi shekaru fiye da ashirin yana aiki a kamfanin Knowles kafin ya kafa nasa. Bambancin yana bayyana ne idan aka tashi tsaye. Rigar kanti tana iya yi wa mutum kyau a gaban madubi, amma wadda tela ya auna ita ce ba ta takura hammata idan aka ɗaga hannu. Bakin roba yana zama ne da matsi, kuma matsin awa uku cikin gumi da tsalle yakan zama ciwo ko ya zame. Na zubi yana zama ne da siffa, ana murɗa shi ya kulle a kwarin kunne.

Akwai kuma koken mawaƙan kansu, cewa toshiyar tana raba su da jama'a. Kwanson da ya zauna da kyau yana rage ƙarar waje da wajen desibel 26 bisa ga abin da masu ƙira suke faɗi, kuma wanda ya saba shan tafi da amshi yakan ji kamar an kulle shi a ɗaki. Shi ya sa ake yawan ganin mawaƙi ya zare ɗaya ya bar ɗaya. Wannan ɗabi'a tana damuna fiye da duk wata gardama ta sauti, domin buɗaɗɗen kunnen yana shan ƙarar dandamali gaba ɗaya, toshasshen kuma sai an ƙara masa ƙarfi kafin ya yi gogayya da ɗan uwansa, sai a cutar da duka biyun. Injiniyoyi sun san mafita: a kafa makirufo masu fuskantar jama'a a zuba sautinsu kaɗan a cikin haɗin, ko a yi amfani da iyafis mai 'yan makirufo a jikin kwanso, irin wanda Sensaphonics yake yi. Ko da kunne biyu a toshe, na'urar tana iya kai ƙara mai lahani bakin dodon kunne idan mai ita ya murɗa ta ƙarshe, kuma masu koyar da kare ji irin su Santucci sun daɗe suna nanata cewa makaɗin da ya baro lasifikar ƙasa yakan maido da tsohuwar ƙarar da ya saba da ita idan ba a horar da shi ya sassauta ba. Saboda haka ziyarar mai awo bai kamata ta ƙare da ɗura silikon ba. A nan ne ya dace a gwada jin mawaƙin, a rubuta sakamakon, a sa masa ranar dawowa don a sake gwadawa.