Douk-Douk, wuƙar da ta sami kasuwa inda ba a nufa ba

Cikin tsofaffin wuƙaƙen aljihu masu naɗewa da nake tarawa, babu wadda nake ji da ita kamar Douk-Douk. Masana'antar Cognet da ke garin Thiers a Faransa ce ta fara ƙera ta a 1929. Thiers garin maƙera ne tun tale-tale. A da, a bakin kogin Durolle masu wasa wuƙa kan yi rub da ciki a kan katako suna aiki, kare na kwance a ƙafafunsu yana ɗumama su saboda sanyi.

Don tsibiran Melanesiya aka yi ta, shi ya sa aka zana dodon mutanen can a jikin ƙotar. Ba ta karɓu a wurinsu ba. Sai ga shi Arewacin Afirka ta rungume ta, musamman Aljeriya, don ga araha ga kaifi kamar aska. Ƙotar fallen ƙarfe ne aka ninke, ba katako ba ƙaho, kuma ba ta da makulli. Ruwanta kan yi tsatsa in an bar shi da lema, amma dutsen wasa kaɗan ya ishe shi.

Cikin nau'o'inta, wadda ta fi shiga raina ita ce El Baraka. Da yake Musulmi da yawa ba sa son hoton dodo, sai aka maye gurbinsa da tambarin Agadas na Buzaye. A tsofaffin, zanen ya kan shafe daidai inda babban yatsa ke dannawa, kuma irin waɗannan nake fara nema.