Yadda Gilashin Ɗaukar Hoto Ya Sauya a Birnin Zazzau

Asalin ilmin ɗaukar hoto daɗaɗɗe ne ƙwarai, domin kuwa Hasan ibn Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana cikin Kitabul Manazir yadda haske ke ratsa 'yar ƙaramar kafa ya zana surar abin da ke waje a bangon ɗaki mai duhu; amma sai cikin 1839, a ƙasar Faransa, Daguerre ya bayyanar da hikimar kama wannan sura ta zauna daram bisa farantin ƙarfe.

Sana'ar ta yaɗu a Zazzau bayan zuwan Turawa cikin 1902, ta kuma sami gindin zama sa'ad da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur cikin 1945, jama'a suka saba da ganin sarakunansu a takarda. Mai hoto na zamanin farko, wanda ke kafa akwatinsa mai ƙafa uku ya lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, a kife yake ganin mutum, yana matsar da gilashi gaba da baya har fuska ta fito sarai. Ko da ƙananan kyamarori suka zo, irin waɗanda kyamarar Leica ta buɗe wa hanya tun 1925, ba a huta ba, tilas mutum ya murza zoben gilashi da yatsunsa, ya ƙiyasta nisa, ya buɗe kafar haske gwargwadon ƙarfin rana, alhali fim ɗinsa bai wuce hoto 36 ba. Saboda haka ranar Hawan Daushe, idan mahaya za su yi jahi a Ƙofar Fada, gwani yakan saita gilashinsa tun da wuri bisa wurin da ya tabbata dawakai za su ja birki, ya jira cikin natsuwa har su iso.

Cikin 1977 kamfanin Konica na Japan ya fitar da kyamara mai saita kanta, Minolta ta biyo da tata a 1985, abin ya bunƙasa har ya shiga wayar hannu. Ni'ima ce babu shakka, musamman ga wanda ganinsa ya raunana. Illa dai na'ura ba ta san nufin mai ita ba, takan kama ƙura ko bayan dogari ta bar fuskar sarki dishi-dishi.

Tsofaffin gilasan ƙarfe da ake saitawa da hannu har yau ana ɗaura su bisa sababbin kyamarori. Muna kira ga samarinmu masu neman wannan sana'a su fara koyo da su a gaban magabata, domin wanda ya iya saiti da hannunsa shi ke gane kuskuren na'ura ya gyara.