Jaguar M: jirgin yaƙin da bai samu shiga teku ba

Dattawan da suka bi labarin yaƙin Cadi ta rediyo ba za su manta da sunan Jaguar ba. Irinsa ne Faransa ta tura ranar 16 ga Fabrairu 1986 suka yi ruwan bama-bamai kan filin jirgin sama na Wadi Dum, wanda Libiya ta gina a arewacin Cadi. To, wannan jirgi yana da ɗan uwa da aka ƙera don teku, amma bai taɓa kama aiki ba.

Faransa da Ingila ne suka haɗa gwiwa wajen ƙera Jaguar, ta hannun kamfanonin Breguet da BAC. Sojojin ruwan Faransa suka nemi nasu samfurin, wanda zai iya tashi da sauka kan jirgin ruwa mai dakon jiragen sama. Sai aka ƙarfafa ƙafafunsa da ƙugiyar da ke cafke igiyar ƙarfe wajen sauka, aka sa masa suna Jaguar M. Guda ɗaya tak aka ƙera. Ya fara tashi ranar 14 ga Nuwamba 1969, aka gwada shi kan jirgin ruwan Clemenceau a 1970 da 1971.

Gwajin ya nuna aibi: in inji ɗaya ya mutu wajen sauka, ɗayan ba ya saurin ba da ƙarfi, gyaran kuma sai an kashe kuɗi. Ga kuma zancen kasuwa. A 1971 Dassault ya haɗiye Breguet. Ribar Jaguar rabawa ake da Ingila, Super Étendard kuwa nasa ne shi kaɗai. Kun ga kowa ya san inda zai karkata. A 1973 aka soke Jaguar M, aka ɗauki Super Étendard.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta sayi Jaguar 18, suka fara isowa a 1984. Ba su cika shekara 10 ba aka jingine su a Makurɗi saboda tsadar kulawa.

Nijar ba ta da teku, amma ita ma tana sayen jiragen yaƙi da kuɗin talakawa. Duk ranar da kuka ji an yi sabon ciniki, ku tambaya: wa zai ci ribar, kuma da me za a riƙa gyara?