Martanin ƙwayoyin shuka ga kaitin

Kaitin wani sinadari ne da ke cikin jikin funfuna da ɓawon ƙwari. Tsirrai ba sa yin sa, don haka ɓurɓushinsa alamar hari ce a wurinsu.

Ana nazarin wannan martani da ƙwayoyin halittar shuka waɗanda ake reno cikin ruwa a ɗakin gwaji. Idan aka zuba musu kaitin, cikin 'yan mintuna kalsiyam kan kwarara cikinsu, tsamin ruwan ya ragu, daga bisani su haɗa sinadaran kashe funfuna.

A shekarar 2006 masana a Japan suka gano CEBiP, furotin da ke cafke kaitin a ƙwayoyin shinkafa. Sai dai wasu funfuna masu cutar da shinkafa kan ɓoye kaitinsu don kada shukar ta farga.